Katunan sauka arba'in da na ƙona da hannuna

Har yau idan na ga baƙar tawada ta fara bin jiƙaƙƙiyar takarda sai gabana ya faɗi. Cikin hunturun bara abin ya faru, kuma na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifin ban samu ba.

'Yar yayata ce ta sauke Alƙur'ani a Islamiyyar unguwarmu, aka sa ranar walima. Yaya ta ce, "Ke da kullum kike ɓata takardu a ɗaki, ai sai ki yi mana katin gayyata, mu huta da irin wanda kowa yake bugawa." Na karɓa jiki na rawa. Lokacin ban daɗe da sayen fensiran kala masu narkewa a ruwa ba, Faber-Castell na Jamus, guda 24 a gwangwani, a wani shagon kayan rubutu cikin Kasuwar Sabon Gari, kuma dama neman inda zan nuna su nake yi.

Tsarin ya yi kyau a kaina. Bismillah da Larabci a sama, sunan yarinya da rana da wuri a tsakiya, gefe-gefe kuma zayyana irin ta allon sauka, ja da kore da ruwan ɗorawa. A ƙasa zan liƙa ɗan ƙyallen atamfar ankon da aka fitar a Kwari, wanda na roƙo a wajen tela. Na kai rubutun shagon kwamfuta aka buga mini kati 40 a kan farin kwali mara kauri. Ban tambayi wace irin firinta ce ba. Tambaya ɗaya tak, ta minti ɗaya, ban yi ta ba.

Dare biyu na yi ina goga kala a bushe. Dare na uku na shimfiɗa su a kan tabarma layi-layi, na ɗauko buroshi da kofin ruwa. An ɗauke wuta, da fitilar caji nake aiki. Don in yi sauri sai na bi su kala-kala: koren duka katunan tukuna, sannan ja. Iskar hunturu kuma tana shanye ruwan tun kafin kalar ta narke, ni kuwa sai in ƙara tsoma buroshi. Ina ta kaffa-kaffa kada gashin buroshin ya taɓa rubutu, ashe ruwan ta cikin takardar yake bi yana isa inda ban kai shi ba.

Da asuba bayan na idar da salla na ɗaga labule. Kowane harafi ya yi gashi-gashi, baƙin ya rabe ya koma shuɗi-shuɗi da ruwan hoda a bakin-baki, ɗigon da ke ƙarƙashin Ba ya zama tabo kamar an ɗiga shayi. Katunan kuma duk sun kantare kamar ganda. Ko ɗaya bai tsira ba, saboda wayon da na yi na bin su gaba ɗaya. Da guda ɗaya na fara gamawa na bar shi ya bushe, da asarar kati ɗaya ce.

Daga baya na gane dalili. Firinta mai tawadar ruwa, tawadarta da ruwa aka haɗa ta, don haka da ta ji danshi sai ta tashi. Ta leza kuwa gari ne ake narkarwa da zafi ya manne a takarda, ruwa ba ya motsa shi. Haka alƙaluma masu tawadar ruwa da yawancin makar yara, duk halinsu ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zubarwar. Na tattara su zan sa a leda, Umma ta ce, "Ina za ki kai su? Da sunan Allah a jiki za ki kai bola?" A tsohon kasko na ƙona su a tsakar gida, ɗaya bayan ɗaya, ina kallon koren da na kwana biyu ina gogawa yana komawa toka. Tokar muka binne a gindin darbejiya.

Saura kwana uku walima. Na koma Sabon Gari na nemi takardar fenti ta gaske, mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita. Ta ɗab'i da aka saba giram 80 ce, kwalin da na yi amfani da shi bai kai rabin kaurin wannan a hannu ba. Tsadarta ta sa na rage katunan zuwa 25. Wannan karon fenti na fara yi, na liƙe gefunan takardar a jikin katako da tef na takarda, na rufe taga saboda ƙura, don ƙurar hunturu in ta sauka a kan jiƙaƙƙen fenti ta zauna ke nan. Kofi biyu na ajiye, na wankin buroshi da na ruwa mai tsabta, kuma ruwan ɗorawa nake fara narkarwa kafin ja, in ba haka ba jan ya cinye shi. Rubutun kuma a wata takarda daban aka buga mini shi, da leza, bayan na tambaya sau biyu har mai shagon ya fara kallona. Na yanka da reza na liƙa a tsakiya.

A wajen liƙin ma sai da na kusa maimaitawa. Farin gam irin Top Bond shi ma ruwa ne a cikinsa, kuma kalar fensiran nan ko ta bushe tana sake tashi. Na shafa shi kai tsaye a kan zayyana zan ɗora ƙyalle, sai ga ja ya biyo yatsana. A bayan ƙyallen ake shafawa, kaɗan, a ɗora a danne, kada a ja shi gefe. Akwai fensiran Inktense na kamfanin Derwent na Ingila da ba ya tashi in ya narke ya bushe, amma a shagunan da na zaga ban gan shi ba.

Abu ɗaya ya faranta mini a zagaye na biyu. Na kankare bakin fensir ruwan goro da reza a kan takardar tun tana da danshi, garin ya zuba ya fashe ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa lalle. Shi mutane suka fi tambaya a kai. Na kwantar da katunan a ƙarƙashin katifa suka kwana, suka miƙe sarai.

Mutum 25 suka samu kati, sauran ta WhatsApp aka gayyace su, kuma akwai gwaggonmu da har yanzu take mitar ba a kai mata nata ba. Ranar walima ina jin Yaya tana nuna wa dangin mijinta tana cewa, "Ƙanwata ce ta yi da hannunta." Sai ta juyo ta kalle ni, ta ƙara da cewa, "Bugu na biyu ne."