Tarihin Rayuwata, Kashi Na 11: Ciwon Da Ido Bai Gani Ba

Makon jiya na tsaya a rasuwar Baba, amma ku yi min haƙuri yau maganar Kawu ce ta tsaya min a rai, ita zan yi. "Ciwon da ido bai gani ba ragwanta ce." Haka yake ce wa Inna duk sanda ta ce gabanta na faɗuwa, hannunta na rawa, ta farka tsakar dare sharkaf da zufa alhali ba abin da ya biyo ta. Ina yarinya lokacin, ina jinsa, ba bakin magana.

Sai da abin ya zo kaina bayan haihuwata ta biyu sannan wata likita ta zaunar da ni ta zana min a takarda. Ta ce akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa, amigdala, shi ne kamar maigadi, da ya hango haɗari sai ya tada jiki, wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda su sako sinadaran damuwa, wato adiranalin da kotisol, zuciya ta hau bugu, numfashi ya ƙaru, sukari ya hau a jini, duk dan mutum ya gudu ko ya kare kansa. Matsalar ita ce in abin ya ƙi kwanciya wata da watanni.

Daga nan na shiga karatu ba ji ba gani. Ashe tun 1936 wani Hans Selye a Kanada ya ga ɓerayen da aka wahalar suna samun gyambon ciki, halittun nan na saman ƙodarsu suna kumbura. 1936 fa! Ko Kawu ba a haifa ba. A 1968 kuma Bruce McEwen a Amurka ya gano sinadarin damuwa yana shiga har hifokamfas, sashen ƙwaƙwalwa da ke taimaka wa mutum tuna abu, daga baya aka ga a dabbobi rassan jijiyoyin wurin suna tsukewa in damuwar ta daɗe. Wallahi ranar da na karanta wannan kuka na yi, dan na tuna yadda Inna ke neman abu yana hannunta, Kawu yana cewa ta fiye sakaci.

Abin da na sani shi ne Inna ta riƙe mu ita kaɗai da wannan jikin mai rawa, ba ta fasa shafa kanmu mu yi barci ba ko dare ɗaya, kuma mutum ya kira wannan ragwanta. Ciwon da ido bai gani ba, in ji shi, alhali yau ana auna kotisol a yawun baki ma. Ni na samu magani da mai saurarona, Inna ba ta samu ko ɗaya ba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan faɗi ranar da Kawu ya kira ni da kansa yana cewa barci ya ƙaurace masa.