Saƙon Godiya Bayan Dawowata Daga Kidal

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya fitar da mu daga Kidal da ke arewacin Mali da ranmu, ya sake haɗa ni da mahaifiyata da iyalina a Katsina bayan da mutane da yawa suka cire rai da ganina. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Na jinkirta wannan rubutu ne saboda jikin bai gama dawowa ba, barci guntu-guntu yake zuwa, kunnena na dama kuma har yanzu bai daina ƙara ba. To amma yaba kyauta tukuici, kuma nauyin alherin da aka yi mini ya kai inda ba zan iya ci gaba da yin shiru a kansa ba.

Ba zan maimaita labarin ba, domin yawancinku kun bi shi a rediyo da wayoyinku fiye da yadda mu da ke ciki muka iya bin sa. Kun san cewa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2690 a ranar 30 ga Yunin 2023, wanda ya kawo ƙarshen aikin MINUSMA, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar, bayan shekara 10 a Mali, aka kuma ba ta zuwa 31 ga Disamba ta kwashe komai nata. Kun ji cewa ayarinmu ya bar Kidal ranar 31 ga Oktoba, motoci 143 ɗauke da sojoji 848 na Gini da Chadi da Masar da Bangaladash da Nepal, kuma bai isa Gao ba sai ranar 7 ga Nuwamba, alhali tafiyar ba ta wuce kilomita 350 ba. Sau 6 nakiya ta tashi da mu a hanya, sojoji 37 suka buƙaci kulawar likita, ga shi ba a samu izinin tashin jiragen da za su riƙa duba mana hanya daga sama ba. Ni ban shiga lissafin masu rauni ba, domin abin da ya sami kunnena bai kai a kira shi rauni ba a gaban abin da idona ya gani a jikin waɗansu.

Ni bakanike ne, ba soja ba. Kamfanin da ya ɗauke ni aiki ya kai ni can ne domin kula da manyan motoci da janaretocin sansani, kuma ɗan Faransancin da na tsinta lokacin da nake koyon sana'a a wani gareji a Maraɗi shi ne ya ci da ni a tsakanin mutanen da ba mu haɗa harshe ba. Abin da ya fara karya mini zuciya ma ya faru ne tun kafin mu kama hanya. Manyan motoci kusan 200 da ya kamata su zo su kwashe kaya sun maƙale a Gao tun ƙarshen Satumba, saboda haka aka ba da umarnin a lalata duk abin da ba za a iya tafiya da shi ba, don kada ya faɗa hannun masu ɗauke da makamai. Da hannuna na kashe injinan da na yi shekaru ina yi musu juyen baƙin mai, waɗanda ko daga nesa na ji kukansu na san wanda ke neman gyara. Duk bakaniken da ya karanta wannan ya san abin da nake nufi, sauran jama'a kuma ku yi mini uzuri da na tsaya a kansa.

Mutumin da nake son in fara yi wa godiya ba zai taɓa ganin wannan rubutu ba, kuma ko ya gani ba ya jin Hausa. Kofur ne a rundunar Gini, Bafillace daga Futa Jalon, yaro ne da ba zai girmi ƙanina na uku ba. Bayan fashewar da ta fi kusa da mu, ayarin ya tsaya cik, tsawonsa ya kai kilomita 9 a fili fetal wanda babu ko inuwar da mutum zai raɓa, sai aka aiko cewa tiyon lagireton wata tankar ruwa ya fashe, injin ya ɗauki zafi, ba ta motsi. Zaɓi biyu ne kawai: ko a gyara ta nan take, ko a ƙone ta a wuce, ruwan da ke cikinta kuwa na sha ne. Ƙa'idar tafiyar ita ce babu mai sauka daga mota ya taka ƙasar da masu binciken nakiya ba su duba ba, kuma tsakanin motarmu da tankar akwai 'yar tazara. Da aka kira ni na ɗauki jakar sufanu na sauko, sai ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Ina jin ana yi mini magana, ina ganin tankar, amma na kasa ɗaga ƙafa ɗaya, bakina kuma ya bushe har kalmar shahada da ƙyar take fita.

Wannan yaro bai yi mini tsawa ba, bai kuma yi dariya ba, ko da yake yana da bindiga da umarni a hannunsa. Ya zo ya tsaya a gabana ya ce, "Yayana, ni zan shiga gaba. Duk inda na cire ƙafata, nan za ka sa taka. Idan akwai wani abu a ƙasa, ni zai fara samu." Haka muka tafi, yana taku ina bin sawun takalminsa a cikin yashi, yana karanta Ayatul Kursiyyu a hankali da irin karatun mutanen ƙasarsu, ni kuma ina bin sa a zuci. Da na shiga ƙarƙashin motar hannuna yana rawa har sufana ta faɗi, sai ya durƙusa ya ɗauko ta ya miƙo mini, ya kwance gorar ruwansa ya ba ni na sha, sannan ya juya mini baya ya fuskanci daji ya tsaya a tsaye cikin rana har na yanke inda tiyon ya fashe, na haɗa, na ɗaure, aka zuba ruwa injin ya tashi. Daga baya ne na fahimci cewa ruwan da ya ba ni shi ne ragowar rabonsa na wannan yini. Mun rabu a Gao cikin hayaniyar sauke kaya ba tare da na karɓi ko lambar wayarsa ba. Ya Allah, kai ka san sunansa da sunan mahaifiyarsa, ka tsare gabansa da bayansa kamar yadda ya tsare nawa, ka mayar da shi gida lafiya, ka ba shi zuriya mai albarka, ka sa ya gama da duniya lafiya.

Ina godiya ga masu binciken nakiya da suka riƙa tafiya a ƙasa a gaban motoci, taku bayan taku, mu muna zaune a ciki muna ƙorafin jinkiri. Da yawansu ba addininmu ɗaya ba, kuma ban ga wanda ya tambayi addinin mutumin da ke cikin motar da yake share wa hanya ba. Ina godiya ga direbobin da suka kwana a kan sitiyari, da likitocin sansanin Gao da suka duba kunnena duk da cewa gadajensu cike suke da waɗanda suka fi ni buƙata. Akwai kuma wani dattijo Bahaushe mai shago a kasuwar Gao, asalinsa mutumin Tawa ne, wanda da ya ji cewa akwai ɗan Katsina a cikin waɗanda suka iso, ya sa aka tuƙa tuwo da miyar kuka aka kawo har ƙofar sansani, ya kuma ba ni wayarsa na kira gida saboda tawa ta fashe a hanya. Baba, da wayarka mahaifiyata ta fara jin muryata. Allah ya sa wannan kira ya zama haske a kabarinka ranar da za ka buƙace shi.

A gida kuwa, na san al'adarmu ba ta son a ambaci mai alheri a bainar jama'a, kuma wasunku sun roƙe ni da kada in yi, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaya Babba, ke ce kika bar ɗakinki da 'ya'yanki a Funtuwa kika tare wurin Hajiya, kika ɓoye mata wayarta a ranar da aka yaɗa hoton wata ƙonanniyar mota a WhatsApp ana cewa ina ciki. Da ta ga wannan hoto da hawan jinin da take fama da shi, Allah kaɗai ya san wanda zan tarar da wanda ba zan tarar ba. Kawu na Jibiya, kai ka riƙa zirga-zirga kana neman sahihin labari, ka hana a zauna zaman makoki a kan jita-jita, ka ce ba za a karɓi gaisuwar kowa ba sai an ga takarda. Maƙwabcinmu mai Keke Napep, wanda ya kai Hajiya asibiti da tsakar dare ya ƙi karɓar ko kuɗin mai, da Malam limamin masallacin unguwarmu da ya sa aka yi ta alƙunutu da saukar Alƙur'ani, da yaran garejina da suka riƙe wurin da amana suna kai wa iyalina cefane ba tare da an tambaye su ba, duk na ji abin da kuka yi, kuma ba daga bakinku na ji ba.

Uwar 'ya'yana ba ta son a yi maganarta, don haka zan taƙaita. Ita ta riƙa shirya yara su tafi makaranta kowace safiya tana ce musu Baba yana hanya, alhali ita kanta ba ta san ko gaskiya take faɗa musu ba. Allah ya saka miki da Aljannar Firdausi, ya ba ni ikon riƙe ki da mutunci har ƙarshen rayuwa.

Dawowar ma ba ta zo da sauƙi ba. A da, mutum yakan bi ta Ansongo da Ayoru ya shiga Yamai, daga nan Maraɗi, sai ga shi a Jibiya. A lokacin dawowata wannan hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, iyakar Nijeriya da Nijar kuma tana rufe a lokacin tun bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, don haka sai da na zagaya ta Bamako da Lome da Legas kafin in ga Katsina. Ina godiya ga abokan da suka haɗa mini kuɗin guzuri a lokacin da haƙƙoƙina ba su fito ba, kuma in Allah ya yarda kowa zai ga abinsa.

Akwai 'yan uwa na jini da a shekarun da nake aiko da saƙo duk ƙarshen wata ba su taɓa manta lambata ba, ko da kuwa layin Kidal yana yankewa, amma a makonnin da aka rasa labarina ba su taka gidan Hajiya ba, ko da sallama daga bakin zaure. Na kuma ji cewa har an fara tambayar takardun filina na bayan gari. Ban riƙe kowa a zuciya ba, wataƙila akwai uzurin da ban sani ba, kuma wanda ya fito daga inda na fito ba shi da sauran ƙarfin gaba da kowa. Sai dai Hajiya ta lura, kuma ita ce ta tuna mini cewa zumunta a ƙafa take.

Mutane suna tambayata ko zaman rundunar a Mali ya yi amfani, tunda an shekara 10 zaman lafiyar bai samu ba, har gwamnatin ƙasar da kanta ta nemi a tafi. Wannan muhawara ta fi ƙarfin bakanike, kuma na san 'yan Mali da yawa suna da hujjar fushinsu. Abin da na sani shi ne ma'aikatan rundunar fiye da 300 sun rasu a wannan aiki, mafi yawansu 'ya'yan talakawan Afirka ne irinmu, ciki har da sojojin Chadi 10 da aka kashe a harin Agelhok a Janairun 2019. Allah ya jiƙan Musulmin cikinsu, ya ba iyalan dukkansu haƙuri da abin da za su riƙe marayu. Addu'ata ta fi yawa ga 'yan ƙasa da muka yi aiki tare, masu dafa abinci da masu shara da tafintoci da yaran da na koya wa riƙon sufana, waɗanda mu muka hau mota muka tafi, su kuma muka bar su a Kidal babu aiki, makonni biyu kacal kafin sojojin Mali su shiga garin ranar 14 ga Nuwamba. Har yau akwai waɗanda ban ji ɗuriyarsu ba. Ya Allah ka tsare su, ka rufa musu asiri, ka kawo ƙarshen zubar da jini a Mali da Nijar da Burkina Faso, da namu dazuzzukan na Katsina da Zamfara da Sakkwato, domin abin da na gudo daga gare shi a can na tarar da ɗan uwansa a ƙofar gida. Ka shiryi masu shiryuwa, ka yi mana maganin waɗanda suka ƙi, ka ba shugabanninmu tausayin talakawansu. Amin.

In Allah ya kai mu Juma'a mai zuwa za a yi saukar Alƙur'ani da 'yar walima a gidan Hajiya bayan sallar La'asar, kuma kowa da kowa muna gayyata, har da waɗanda ba su samu zuwa a baya ba. Lambobin da ke tsohuwar wayata duk sun tafi, don haka wanda ya kira ban gane shi ba ya yi haƙuri ya faɗi sunansa. Masu zuwa dubiya kuma ina roƙon a riƙa zama ta hagun ɗina a ɗan ɗaga murya, sannan a ja wa yara kunne kada su buga ƙofar gidan da ƙarfi, likita ya ce abin zai ɗauki lokaci.

Wassalamu alaikum.