Inda Muka Kwana da Duwatsun Filato: Awo Cikin Ruwa da Raba Baƙin Yashi

'Yan uwa masu koyo, sannunku da ƙoƙari. An gama wanki, an gama gwajin tauri, yanzu mun shiga awon nauyi. A nan ne sunaye da yawa da aka raɗa wa duwatsu da ido suka fara rushewa. Tire biyu ne a gabanmu. Na farko shi ne na duwatsu masu haske da ake tsinta a tsakuwar rafi, farare da masu ruwan shuɗi. Na biyu kuwa baƙin yashi ne mai nauyi, irin wanda ake samu a tsoffin wuraren wankin kuza na wajejen Bukuru da Barikin Ladi.

Gwajin tauri ya yi mana rabin aiki. Ma'aunin da Friedrich Mohs ya tsara a 1812 yana tafiya daga 1 zuwa 10: farce yana wajen 2.5, wuƙa da gilashin kwalba wajen 5.5, ƙanƙara wadda ake kira kwaz 7, sai duwatsun ado tofaz 8 da safaya 9. Mai babbar lamba shi ke karce mai ƙaramar lamba. Matsalar ita ce kusan duk abin da ke tiren farko yana karce gilashi, to gilashi bai raba mana komai ba. Sai an sami tsabtatacciyar ƙanƙara an gwada da ita. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar farin layi a matsayin karta, alhali garin dutsen da ake gogawa ne ya zauna a kai. A shafe da jiƙaƙƙen yatsa, a sa farce a ji. In babu rami, babu karta. Kuma a riƙa yin gwajin a gindin dutsen, kada a ɓata masa fuska.

Kayan awon ba su da yawa: ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayar da zinariya, mai nuna 0.01 na giram kuma mai ɗaukar giram 200, da ƙaramin kofin roba marar nauyi, da zaren ɗinki, da ruwa mai tsabta. Sikelin kicin mai tsallaken giram ɗaya-ɗaya ba zai yi ba, sai dai ga dutse mai girman ƙwai.

A fara auna dutsen a bushe, a rubuta. Sannan a zuba ruwa a kofin daidai yadda zai rufe dutsen da rata sama da ƙasa, a ɗora a sikeli, a danna maɓallin da ke mayar da lamba sifiri. A ɗaure dutsen da zare, a sauke shi a hankali har ya nutse gaba ɗaya, yana reto a tsakiyar ruwa bai taɓa gindi ba, bai taɓa gefe ba. Lambar da ta fito ita ce nauyin ruwan da dutsen ya ture. Tunda giram ɗaya na ruwa mililita ɗaya ne, lambar nan ita ce girman jikin dutsen. Sai a raba nauyin bushe da ita, amsar ita ce sau nawa dutsen ya ninka nauyin ruwa mai girmansa. Misali, dutse ya yi giram 7.04 a bushe, cikin ruwa sikeli ya nuna 2.00, an sami 3.52, wannan tofaz ne. Wani mai girmansa ya yi 5.30, an raba da 2.00, an sami 2.65, ƙanƙara ce komai kyanta.

Lambobin da za ku riƙe ke nan: ƙanƙara 2.65, beril da akwamarin, wato beril mai ruwan shuɗi, wajen 2.7, tomalin 3.0 zuwa 3.2, tofaz wajen 3.5, safaya 4.0, zakon 4.6 zuwa 4.7, kuza 6.8 zuwa 7.1.

Abin da ke ɓata awon nan ya fi awon kansa buƙatar bayani. Kumfar iska ce ta farko. Takan maƙale a kullin zare ko a tsagar dutse, ta ƙara wa lambar ruwa, sai amsa ta faɗi ƙasa da gaskiya. Maganinta a jiƙa dutsen da zaren tun kafin a sauke, a sa ɗigon ruwan sabulu guda ɗaya tak a kofin, a kaɗa zaren kaɗan. In dutse ya taɓa gindi kuwa, sikeli zai nuna kusan dukkan nauyinsa, amsa ta fito wajen 1, wannan a fili yake. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne taɓa gefen kofi, domin lambar takan yi kama da gaskiya. Fanka da iskar taga suna sa lamba rawa, hannu ma haka, shi ya sa ya fi kyau a rataye zaren a jikin fensir da aka gitta kan tulin littattafai biyu, ba tare da wani abu ya jingina da sikelin ba.

Sai ƙanƙantar dutse. Wanda bai kai giram ɗaya ba, ruwan da zai ture bai kai 0.40 ba, kuskuren 0.01 kaɗai ya isa ya karkatar da amsa da kusan kashi uku cikin ɗari. Wato ƙanƙara za ta iya fitowa 2.73 mai shi ya yi ta murnar akwamarin. Don haka ƙa'idarmu: ƙasa da giram biyu, a auna sau biyar, ana busarwa tsakanin kowane awo, a ɗauki matsakaici. Dutsen da yake manne da uwarsa, wato guntun dutsen da ya fito daga ciki, awonsa na abu biyu ne a haɗe, ba shi da amfani. Kafin kowane zama a gwada da ƙanƙara guda da aka sani. In ba ta ba da 2.6 zuwa 2.7 ba, laifin yana ga sikeli ko batirinsa.

Tsakanin ƙanƙara da beril, awo ba ya yanke hukunci, lambobinsu sun yi kusa ainun. A nan siffa ce ke magana. Dukansu suna da gefe shida, amma ƙanƙara tana da ƙananan layuka a gicciye kuma kanta yana ƙarewa da tsini, shi kuwa beril kansa yawanci a shafe yake kamar an yanke, in yana da layuka a tsaye suke bin tsawonsa. Tomalin in aka dube shi ta kai, kusurwa uku ne masu ɗan kumburi, da layuka a tsaye sosai. Tofaz da rafi ya mulmula ya zama kamar tsakuwa, a neme masa wata fuska guda mai santsi da sheƙi kamar madubi. Ta nan yake tsagewa, ƙanƙara kuwa fashewar kwalba take yi. Wannan tsagar ce ta sa ba a zuba wa tofaz ruwan zafi, ba a kuma bari ya faɗi kan siminti.

Tiren baƙin yashi ya fi wuya, domin ƙwayoyin sun yi ƙanƙanta da ɗaurewa a zare. Da ƙwarya ko kasko ake farawa, kamar yadda masu wankin kuza suke yi: a kaɗa cikin ruwa, farin yashi ya fice ta baki, mai nauyi ya zauna. A shanya ya bushe ƙarau, domin jiƙaƙƙen yashi yana manne wa juna ya yaudari maganaɗisu. A baza shi siriri a kan farar takarda. A naɗe maganaɗisun tsohuwar sifika cikin leda a bi ta sama. Abin da ya yi tsalle ya kama, baƙar tama ce da ake kira magnetayit. A zare maganaɗisun daga ledar a kan wata takarda, ƙwayoyin su zube da kansu. Wanda ya manta leda zai kwana yana tsince su. Zagaye na biyu da maganaɗisu mai ƙarfi, irin wanda ake cirowa daga tsohon faifan ajiyar kwamfuta: shi ne ke ɗaukar baƙin ma'adinin da ake kira ilmenayit, kuma yakan ja wani baƙin, kwalambayit, a hankali in an kusanto sosai. Abin da ya rage bai motsa ba, yawanci kuza ne da zakon da ƙananan tofaz.

Ga ƙwayoyi masu ɗan girma, a goga su a bayan farin tayil, inda ba a shafa masa sheƙi ba. Tayil mai jan baya ba ya nuna komai. Kuza duk baƙinsa, layin da yake bari fari-fari ne ko ruwan ƙasa mai haske. Kwalambayit yana barin baƙi-baƙi mai ja-ja a ciki, ilmenayit da magnetayit baƙi. Wannan bambancin kaɗai ya isa ya fitar da kuza daga cikin 'yan uwansa. Idan ana son tabbaci, a yanko tutiya daga ɓawon tsohon batirin tocila, a kankare ta, a ɗora ƙwayar a kai, a ɗiga asid ɗin haidirokulorik da aka surka. Bayan 'yan mintuna kuza zai yi riga mai launin toka, in an goga ta da ƙyalle ta yi ƙyalli. Ƙarfen ne ya fito a fatarsa. Kwanon rufi ba ya maye gurbin tutiyar nan, domin baƙin ƙarfe ne aka yi wa shafe siriri. A yi wannan a waje, da safar hannu da tabarau.

Raba kwalambayit da tantalayit kuwa ya fi ƙarfin ido. Dangi ɗaya ne, nauyi ne ke hawa daga wajen 5.2 zuwa kusan 8 gwargwadon yawan ƙarfen tantalum a ciki. In awo ya faɗa tsakiya, a rubuta sunayen biyu a haɗe, babu abin kunya.

Ba banza ba ne waɗannan ma'adinai suke zuwa tare. Daga jerin tsaunuka guda suka fito, waɗanda suka faro daga Ayar a Nijar, suka ratso Damagaram, suka bi ta Ririwai a kudancin Kano zuwa Jos har Nasarawa. Mutanen Ririwai suna narka kuza tun kafin zuwan Turawa, kuma a shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambayit. Ragowar wankin wancan zamani ne muke tsinta yanzu.

A cikin ragowar akwai abin kiyayewa. Ƙwayoyi masu launin zuma da ake gani a madubin ƙara girma sau da yawa monazayit ne, yana ɗauke da toriyam mai fitar da tururin nukiliya. Cokali ɗaya a rufaffiyar kwalba ya isa samfuri. Kada a ajiye buhu a ɗakin kwana, kada a daka, kada a shaƙi ƙurarsa. Haka dutsen tozali, mai sheƙin azurfa da ke fashewa murabba'i-murabba'i, taurinsa 2.5, nauyinsa wajen 7.5: dalma ce a cikinsa. Abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu saboda niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje, ya isa dalilin hana daka kowane dutse a turmin gida. A wanke hannu kafin cin abinci, a ɗaga tire sama da inda yara za su kai.

Wasu sun dawo da tambaya kan jan tabon da sabulu da tsohon buroshin haƙori suka kasa fitarwa. Tsatsar jar ƙasa ce. Asid ɗin okzalik yana cinye ta: giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, cikin robar da ke da murfi, kwana uku zuwa bakwai. A fara jiƙa dutsen a ruwa zalla kwana guda don tsagoginsa su cika, in ba haka ba asid zai shige ciki ya riƙa fitowa da rawayan tabo bayan an shanya. A yi amfani da ruwan sama ko tataccen ruwa, domin ruwan rijiya mai farar ƙasa yana haɗuwa da asid ɗin ya bar farin ɓawo da ya fi tsatsar wuyar fita. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a sa dutsen da ke kumfa in an ɗiga masa ruwan binega a asid ɗin, domin shi ma akwai farar ƙasa a cikinsa. Bayan an cire, a jiƙa a ruwa ana sauyawa kullum har tsawon kwanakin da ya yi a asid. Ruwan batirin mota ba shi da wuri a wannan aiki.

Saura laƙabi, wato rubuta lamba da asalin kowane dutse, wanda a ganinmu ya fi dutsen daraja. Akwamarin da aka san daga wajen Nasarawa Eggon ya fito samfuri ne, wanda ba a san asalinsa ba ado ne kawai. A ɗiga farin ruwan goge rubutu a gindin dutse, a rubuta lamba da siririn alƙalami, a shafa man farce marar launi. A littafi a rubuta lambar, da ƙauye da ƙaramar hukuma da jiha, da rana, da ko daga tsakuwar rafi ne ko daga jikin dutse, da sakamakon tauri da layi da awo. Wanda aka saya a hannun dillali a rubuta "in ji mai sayarwa", domin dutsen kasuwa yakan sauya gari a hanya. Takardar cikin akwati da fensir za a rubuta ta, tawada tana koɗewa, kuma a duba gara lokacin damina.

Fita ta gaba tsinta ce a sarari, da izinin mai gona da mai unguwa. Dokar ma'adinai ta 2007 ta sa duk ma'adinan ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, haƙa sai da lasisi, kuma bakin tsoffin kududdufai da ramuka yana zaftarewa ba sanarwa. Wanda ya ci karo da guntun gasasshen yumɓu mai siffa ya bar shi a wurinsa ya sanar da gidan tarihi na Jos, domin a wurin haƙar kuza aka fara gano kayan Nok a 1928. Kafin nan kowa ya auna duwatsu goma daga tiren farko, sau uku-uku, ƙananan kuwa sau biyar, ya zo da lambobin yadda suka fito, har da waɗanda ba su yi daidai da komai ba.