Abin da Ginger Baker ya zo nema a Legas

Ranar 6 ga Oktoba, 2019, makaɗin ganga Ginger Baker ya mutu a Ingila yana da shekara 80. Yawancin ƙannena masu koyon kiɗa a yau ba su san sunansa ba, alhali duk wanda ya taɓa zama a bayan jerin gangunan Turawa ya buga wani abu da ya fito daga hannun mutumin nan. Da ku nake magana, ku da kuka fara riƙe sandar kiɗa, da ku da kuke haɗa kiɗa a kwamfuta. Na daɗe ina kwaikwayon Baker, sai daga baya na gane cewa abin da na ɗauka a wurinsa shi ne wanda ya fi saurin shiga ido, kuma ya fi ƙarancin amfani.

An haife shi a Lewisham, kudancin Landan, a 1939. A 1966 ya haɗa ƙungiyar Cream, shi da Eric Clapton mai jita da Jack Bruce mai jitar bas. Su uku ne kacal, kuma kafin ƙarshen 1968 sun watse. A wannan ɗan taƙin ya sauya matsayin makaɗi a kiɗan rok. Kafin shi, mai ganga yana can baya ne, aikinsa ya riƙe wa mawaƙi ƙafa. Baker ya kai ga abokan wasansa su ja gefe su bar masa dandali, ya yi ta kiɗa shi kaɗai sama da minti goma, dubban mutane suna tsaye suna saurare. Ya ajiye manyan gangunan ƙafa guda biyu maimakon ɗaya. Waɗanda suka biyo baya sun sha daga rijiyarsa: John Bonham na Led Zeppelin, da Stewart Copeland na The Police, da Neil Peart na ƙungiyar Rush ta Kanada, wanda ya faɗa da bakinsa cewa Baker ne ya kafa ma'aunin da ake auna makaɗin rok da shi. Gangunan ƙafa biyun nan kuwa, masu kiɗan da ya fi rok tsanani sun mayar da su tamkar wajibi.

Wannan kiɗan kaɗaicin shi ya kama ni. Na samu wani tsohon kaset, na yi ta mayar da shi baya har zaren ya fara ja. Abin da kunnena ke ji shi ne sauri da rugugi, don haka sauri da rugugi na sa a gaba. Na jera matasan kai a kan tabarma ina dukansu har yatsuna suka yi kanta. Da na samu shiga wata ƙungiya mai wasa a otal da wuraren biki, duk inda mawaƙinmu ya tsaya ya ja numfashi sai in cusa ganguna a wurin. Baitin da ya kamata ya sauka a zuciyar mutane sai in binne shi da amon faifan ƙarfe. Yakan waiwayo ya dube ni, ni kuma in ɗauka burge shi na yi. Masu rawa su fara, su rikice, su koma su zauna. Ƙarshenta aka kira ni gefe cikin mutunci aka ce in ɗan huta, aka kawo wani yaro da bai kai ni sauri ba ko kusa. Shi suka riƙe, kuma sun yi daidai.

Da na koma na saurari Baker da kunnen da ya sha wuya, sai na ji wani mutum daban. Shi bai taɓa yarda a kira shi makaɗin rok ba, ɗan jaz yake ɗaukar kansa, kuma ya yi karon ganga da manyan fagen irin su Elvin Jones da Art Blakey. Gangunan ƙafa biyun ma a wurin Sam Woodyard, makaɗin ƙungiyar jaz ta Duke Ellington, ya gani. Girmansu ba ɗaya ba ne, muryarsu ba ɗaya ba ce, ɗaya ta kira ɗaya ta amsa. A wata shahararriyar waƙar Cream ta 1967, maimakon ya sauke nauyin kiɗan a bugu na biyu da na huɗu kamar yadda kowa ke yi, sai ya sauke shi a na ɗaya da na uku, a kan gangunan da ke da zurfin murya, kusan bai taɓa faifan ƙarfe ba. Babu sauri a ciki ko kaɗan, yaro ɗan wata uku da fara koyo zai iya buga shi. Amma a cire wannan kiɗan a ga ko waƙar za ta tsaya da ƙafarta. Ya saurari abin da jita da bas suke yi, ya nemo abin da suka rasa, ya ba su shi, ya tsaya a nan.

Kunnen nan ba daga sama ya faɗo masa ba. Yana saurayi, malaminsa Phil Seamen, gwanin gangar jaz a Ingila, ya kai shi gida ya kunna masa faya-fayan kiɗan Afirka, ya sa shi ya riƙa lalubo inda kiɗa biyu suke tafiya tare ba tare da sun yi karo ba. Abin ya zauna masa a rai. A 1971, lokacin da sunansa ya riga ya cika duniya, ya shiga mota ya ratsa Hamadar Sahara daga Aljeriya har Najeriya. A wannan shekarar aka fitar da faifan da ya yi da Fela Kuti da ƙungiyarsa ta Africa 70. Sun san juna tun Fela yana karatun kiɗa a Landan. Baker ya gina situdiyo a Ikeja, aka buɗe a 1973, har Paul McCartney, tsohon ɗan ƙungiyar The Beatles, ya ɗauki wani ɓangare na aikinsa a can. Ya zauna kusa da Tony Allen, makaɗin Fela, mutumin da gaɓoɓinsa huɗu kowace ke faɗin tata maganar ba tare da ya ɗaga murya ba. Akwai wasan da su biyun suka yi a birnin Balin a 1978. Ku nema ku saurara, ku lura da yadda kowannensu ke barin wa ɗan'uwansa fili.

Zamansa a Legas ya bar baya mai kyau. Ya haɗa ƙungiya mai suna Salt da matasan Najeriya, ya fita da su waje, cikinsu har da tagwayen mawaƙan nan mata 'yan gidan Lijadu, waɗanda suka yi wasa da shi a birnin Munich lokacin gasar Olamfik ta 1972. Biyu daga cikin samarin, Berkley Jones da Laolu Akins, da suka dawo suka haɗu da Mike Odumosu suka kafa BLO, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin rok na farko da suka yi tashe a ƙasar nan. Laolu Akins, mai gangarsu, shi ne daga baya ya tsara faifan da ya ɗaga mawaƙi Shina Peters a 1989.

Ga abin da ke ci mini rai har yau. Bature ya keta hamada don ya ji abin da ke bayan gidanmu, ni kuwa a lokacin ina raina masu kalangu. Ina ganin ni ne mai kayan zamani, su kuwa 'yan roƙo ne kawai. Wata rana a wani biki aka haɗa mu fili ɗaya da wani dattijo makaɗin kalangu. Bayan na gama hargowata, sai ya matso ya ce, "Ɗana, hannunka yana da ƙarfi, Allah ya ƙara. Amma me gangar take cewa?" Ban ba shi amsa ba, don ba ni da ita. Da nasa lokacin ya zo na tsaya ina kallo. Kalangu a hammata, ya matse igiyoyin murya ta hau, ya saki ta sauka. Idonsa ba ya kan ganga, yana kan ƙafar wata tsohuwa da ta shigo fili. Ta rage tafiya, ya rage. Ta juya, ya jira ta. Bugu uku ya yi, mutane suka gane taken gidan da ake nufi, guɗa ta tashi. A duk daren ban samu ko kwatankwacin wannan ba.

Saboda haka, ƙannena, ku nemi irin waɗannan dattawa tun suna raye. Ku je gidajensu da ɗan abin goro, ku gaishe su yadda ake gaida malami, ku zauna ƙasa. Ku tambaye su taken manoma da na mahauta da na 'yan dambe, ku ji yadda ƙaramar ganga ke riƙe ƙafa yayin da babba ke magana. In kun dawo kan naku kayan, ku ɗauki wasanku a waya, ku saurara washegari. Duk inda ba ku jin kalmar mawaƙi sarai, ku rage hannu a wurin. Mai haɗa kiɗa a kwamfuta ma bai tsira ba, shi ne ma ya fi fuskantar jarabar, tunda ƙara ganga a wurinsa danna maɓalli ne kawai.

Ba na ce ku ɗauki Baker dungurungum ba. Shi kansa ya sha mantawa da darasinsa. Tsakaninsa da Jack Bruce babu jituwa tun kafin Cream, suna faɗa har a kan dandali. Clapton ya ba da labarin wani dare da ya daina kaɗa jitarsa ana tsakiyar wasa, su biyun ba wanda ya lura, kowa yana neman danne ɗan'uwansa da ƙara. Ƙungiyar da ta kai wannan hali ba ta da sauran kwana. Bakinsa ma ba shi da linzami, har Bonham da ya koya daga gare shi bai bari ba. Sannan ya faɗa tarkon muguwar ƙwayar nan ta heroin, wadda ya yi shekaru kusan ashirin yana kokawa da ita, sai da ya koma wani ƙauye a Italiya yana noman zaitun kafin ya rabu da ita. Ni ma na taɓa haɗiyar ƙwaya don in iya kai wa asuba ina kiɗa. Ana jin kamar hannu ya ƙara gudu, amma da na saurari abin da aka ɗauka a irin waɗannan darare, kiɗan yana gaba mawaƙi yana binsa a guje. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sai maganar kuɗi, wadda makaɗa ba sa son yi. Manyan waƙoƙin Cream da sunan Bruce da marubucin baitinsa Pete Brown aka rubuta su, wasu har da Clapton, don haka kuɗin haƙƙin mallaka can ya riƙa tafiya. Baker ya tsufa yana ƙorafi a kan wannan, abin da ya samu kuma ya zuba shi a dawakin folo, wasan da ya koya a Najeriya. Tony Allen ma batun kuɗi da rashin sa suna yana cikin abin da ya raba shi da Fela. Ni na taɓa ƙirƙirar kiɗan wata waƙa tun daga tushe a wani situdiyo, aka ba ni kuɗin mota da na abinci, na yi godiya na tafi, don ina jin kunyar tambaya. Waƙar ta yi ta yawo a gidajen biki, sunana bai fito ko'ina ba. Idan kai ka ƙirƙiro kiɗan, ka yi magana kafin a kunna na'urar ɗauka. A rubuta sunanka da kasonka a takarda, kowa ya sa hannu a gaban shaidu biyu, ka ɗauki hoton takardar a wayarka kafin ka bar ɗakin.