Ranar da na bar farfela ta juya

Asabar, da dare.

Wuyana da kafaɗuna ciwo suke yi kamar na yini ina dakon bulo, amma ba zan kwanta ba sai na rubuta wannan, kar gari ya waye lambobin su cakuɗe mini.

Maganar ta samo asali ne tun makon jiya, da na nuna wa ƙanena hotunan jiragen da na ɗauko. Ina ta cika baki, ga hotuna sun fito tar, har ƙusoshin jikin jirgi ana iya ƙirgawa. Ya ƙura wa ɗaya ido, can ya ce, "Yaya, wannan injinsa mutuwa ya yi a sama?" Na ce me ka gani? Ya ɗora yatsa a kan farfelar. Ga ta nan tsaye cak, rassanta biyu kamar an gicciya sanda a hancin jirgin. Sai a lokacin na ga abin da ya gani: jirgin ya yi kama da abin wasan yara da aka rataye da zare. Na duba bayanan hoton, ashe a 1/2000 na sakan na ɗauke shi. Tsoron kar hoto ya yi dishi-dishi ne ya sa kullum nake ƙure saurin shota, wato ɗan lokacin da idon kyamara ke buɗewa ya ƙifta.

Yau da sassafe, kafin in fita, sai da na zauna da biro da takarda. Ƙaramin jirgi irin Cessna 172, wanda ake yawan koyon tuƙi da shi, farfelarsa kan yi zagaye wajen 2,400 a minti idan yana tafiya a sama. Zagaye 40 ke nan a sakan guda. A 1/2000 reshen bai wuce digiri 7 cikin 360 da zai gusa ba, dole ya fito a sandare. A 1/500 zai share digiri 29, a 1/250 kusan 58, a 1/125 kuwa 115. Idan kuma cikakken faifai nake so, wanda farfelar za ta zama da'ira guda, tunda rassa biyu ne kowanne rabin zagaye kawai zai yi, 1/80 ke nan. Na ninke takardar na sa a aljihu ina jin na gama da matsalar.

Da na isa bakin shingen filin jirgin, inda aka yarda masu kallo su tsaya, na juya kyamara zuwa Tv, inda ni zan zaɓi saurin ƙiftawa ita kuma ta daidaita ƙofar haske. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, na mayar da shi 100. Takarda ta ce 1/125, zuciya ta ce a'a, sai na fara da 1/320. Dalili kuwa, lens ɗin, wato gilashin gaban kyamara mai zuƙo abu daga nesa, a 400mm nake riƙe da shi, kuma tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce kar ka sauka ƙasa da 1/400 da irin wannan tsawo idan a hannu kake ɗauka. Gaba kura baya sayaki: farfela na son a sassauta, rawar hannu na son a ƙara sauri.

A 1/320 farfelar ta ɗan yi gashi-gashi a baki, ba laifi. Na sauka 1/160, nan fa aka yi ta. Jirgi shida suka tashi a gabana, ko hoto ɗaya ban samu wanda za a iya karanta lambar jikin jirgin ba. Farfela ta yi kyau, amma jirgin ma gaba ɗaya ya bi ta.

Akwai wani dattijo a gefena, da kujerarsa ta ninkewa da wata tsohuwar jaka da ta sha rana. Ashe tun ɗazu yana kallona. Ya ce, "Ɗana, da hannu kake bin jirgin. Da ƙugu ake bi." Na ce, "Baba, a nuna mini." Ya miƙe ya gyara mini tsayuwa: ƙafafu su fuskanci inda jirgin zai ƙare, ba inda zai fito ba, sai in murɗa jiki in tarye shi, ina warwarewa a hankali yana wucewa. Gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, kyamara a dafe da goshi. Kuma kar in tsaya da zarar na ɗaga yatsa daga maɓalli, in ci gaba da rakiyar jirgin kamar ban gama ba. Ya ce in riƙa sakin hoto biyar ko shida a jere, don na farko yakan ɗauki girgizar danna maɓalli, na tsakiya su ne masu tsira. Ya kuma sa na mayar da abin hana girgiza na lens ɗin zuwa lamba 2, wanda ke gyara rawar sama da ƙasa kawai, ba ya kokawa da juyawar da nake yi da gangan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin maganarsa shi ne lokacin dannawa. Sai jirgin ya zo daidai gabanka, ya ba ka gefensa sosai, sannan hancinsa da wutsiyarsa ke tafiya da sauri ɗaya a idon kyamara. In yana tahowa a karkace, za ka iya samun hanci tar wutsiya kuma ta narke, kuma ba laifin hannunka ba ne. Na koma kan hotunan da na lalata, na ga da yawansu haka suke.

Daga nan abubuwa suka fara daidaita, sai kuma wata ta ɓullo. Wani jirgi ya tashi, na duba bayan kyamara, na ga rassan farfelar sun lanƙwashe kamar lauje, ɗaya ma kamar ya rabu da jirgin yana shawagi shi kaɗai. Na tsorata, na zaci kyamarar ce ta samu matsala. Ashe garin lalube a cikin saituna na kunna ɗauka marar ƙara, wadda ba labulen shota ke aiki ba, sensa ce, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, ke karanta hoton layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa. Kafin ta kai layin ƙasa reshen ya riga ya bar inda yake. Na mayar da ita shota ta inji, rassa suka miƙe.

Takardar aljihuna ma ta ba ni kunya, don lamba ɗaya na rubuta kamar farfela ba ta canja gudu. Wajen tashi matuƙi ya buɗe wuta duka, 1/250 ma ta nuna juyawar farfela da kyau. Wajen sauka ya rage wuta, sai ga 1/250 ɗin nan ta dawo mini da sandararriyar farfelar nan da ƙanena ya gani, ko kusa da ita. In jirgin yana gangarawa a ƙasa kuwa, farfela na yin wajen 1,000 a minti, digiri 24 kacal take sharewa a wannan saurin, cikakken faifai sai an sauka har 1/30. Sauƙin abin shi ne a lokacin jirgin a hankali yake tafiya kuma yana kusa, ba sai na zuƙo shi da 400mm ba. Kunne ya zama abin aiki: in na ji injin ya yi ƙasa da murya, sai in murza ƙiftawar ita ma ta yi ƙasa.

Da rana ta take, haske ya yi yawa. A 1/125 da ISO 100 kyamara ta matse ƙofar haske zuwa f/16, wani lokacin in farin jirgi ya cika hoton har f/22 (lambar na ƙaruwa, ƙofar na ƙara tsukewa). Baba ya zaro filta mai duhu, ND8, ya ce in gwada, bakin lens ɗinmu ɗaya ne, 77mm. Tana rage haske mataki uku, f/16 ta dawo f/5.6. Rabin awa na yi da ita na mayar masa, don shi ma aiki yake yi.

Wajen la'asar jirgi mai saukar ungulu ya zo, Robinson R44. Nan na san ban iya komai ba tukuna. Babbar farfelarsa ta sama zagaye wajen 400 kawai take yi a minti, a 1/125 digiri 19 take gusawa, alhali ƙaramar ta wutsiya ta riga ta narke. Cikakken faifai a sama sai wajen 1/13, abin da ko a mafarki ba zan riƙe a hannu ba. Na gwada 1/60, na samu biyu masu ɗan dama-dama lokacin da ya tsaya cak a iska. Na gwada 1/30, duk suka tafi kwandon shara. Baba ya yi dariya ya ce manyan jiragen fasinja masu farfela sun fi wannan sauƙi. Na yi lissafin yanzu na ga gaskiyarsa: ATR 72-600 farfelarsa 1,200 take yi a minti wajen tashi, rabin ta Cessna, amma rassa shida gare ta, don haka 1/120 ta isa ta rufe da'irar.

Hoton yau na same shi ne da rana ta yi ƙasa tana bayana. Hasken ya bugi farfelar kai tsaye, fentin da ke bakin rassan ya zana zobe siriri a gaban jirgin, ciyawar bayan titin ta zama zane-zane a kwance, fuskar matuƙin kuma tar a cikin gilashi. A 1/80 ne. Amma in don son raina ne, na fi ƙaunar na 1/125 zuwa 1/160, inda ake ganin rassan kamar an shafa su da yatsa. Cikakken faifan da na ɗauka da tsakar rana, baƙaƙen rassa a kan shuɗin sama ba tare da haske ya buge su ba, ɓacewa ya yi kusan gaba ɗaya, jirgin ya fito kamar ba shi da farfela sam.

Hoto 612 na dawo da su. Na zauna a gaban kwamfuta ina zubarwa, 31 suka rage, a cikinsu ma bakwai ne zan iya nuna wa mutane. Na kira ƙanena na buɗe masa ɗaya daga cikin na tsakar rana. Ya ce, "Yauwa Yaya, wannan kam tafiya yake yi." Sai ya matso da fuska kusa da allon ya ce, "To waɗannan ɗige-ɗigen a sama fa, tsuntsaye ne?" Ƙurar kan sensa ce, f/22 ta tona mata asiri, guda tara na ƙirga a hoto ɗaya. Na ɗauko abin hura iska na ajiye kusa da kyamara, na sa batir biyu a caji.