Mako na Goma Sha Ɗaya: Amaryar Mujalla da Matar da Ke Zaune a Ɗaki

'Yan'uwana masu koyon zane, yau mako goma sha ɗaya ke nan da na fara aikin zana mace a shekararta ta farko da aure, kuma sai a wannan makon na samu abin da zan iya kallo ba tare da na juya fuskarsa bango ba. Ƙyalle biyu na ɓata kafin na kai ga na uku, kuma daga na farkon zan fara, domin kuskuren da ke cikinsa ne ya buɗe mini ido.

Daga hoton mujalla na kwafe shi. Amarya ce a shafin talla, ta karkatar da kai, ta lumshe ido, haske ya wanke mata fuska har babu inuwa ko a ƙarƙashin hanci. Kwana tara na yi a kansa da fentin akirilik, ina bin kowane ƙyalƙyali na rigar, kuma duk wanda ya gani sai ya ce ya yi kyau. Sai daga baya na gane cewa talla na zana. Mai ɗaukar hoton ya riga ya yanke yadda za a kalli matar, ta wane ɓangare, da wane haske, da abin da ake so mai kallo ya saya, ni kuwa na ɗauki hukuncinsa ɗungurungum na mayar da shi fenti. Zane daga hoto ba aibi ba ne. Mai zane Marlene Dumas, wadda aka haifa a Cape Town a 1953, take kuma aiki a Amsterdam, daga hotunan jaridu da mujallu take ɗauko yawancin fuskokinta, amma takan tsinka fentin ya yi ruwa-ruwa, ta bar shi ya malala ya jirkita kamannin, har abin da ya rage ya daina faɗin abin da kyamara ta faɗa. Ni ban jirkita komai ba, biyayya kawai na yi.

A ƙyalle na biyu na gudu daga wannan ramin na faɗa wani. Na zana mace cikin baƙin lulluɓi, kanta a sunkuye, sai ga shi ta fito tamkar hotunan da kafafen labarai ke liƙawa a kan rahoton yaƙi ko talauci, inda mayafi ke zama alamar tausayi kafin a san ko wace ce a ciki. Wannan matsala tsohuwa ce. Delacroix, mai zane ɗan Faransa, ya ziyarci Maroko da Aljeriya a 1832, ya kammala zanensa na matan birnin Aljiyas a ɗakinsu a 1834, kuma irin wannan kallon na baƙo mai leƙe ne Lalla Essaydi, mai ɗaukar hoto 'yar Maroko, take mayar wa martani idan ta zaunar da mata irin zaman da ke cikin waɗancan zane-zanen, sannan ta rufe jikinsu da tufafinsu da bangon da rubutun Larabci na lalle. Na goge ƙyallen da farin fentin shimfiɗa na ajiye.

Hanyar da ta fitar da ni daga aikin Njideka Akunyili Crosby na koye ta. An haife ta a Enugu a 1983, tana zaune a Los Angeles, ta samu kyautar MacArthur a 2017, kuma a zane-zanenta da dama ita da mijinta ne zaune a ɗaki. Idan aka matsa kusa sai a ga cewa bango da daɓe da tufafi cike suke da ƙananan hotuna na mujallu da na iyali, waɗanda ta buga a injin kwafi ta kuma manna tawadarsu a kan takarda da sinadarin asiton. Abin da na ɗauka daga gare ta shi ne rabon aiki: hotunan kafafen yaɗa labarai su zauna a bango, mutum kuwa a zana shi da hannu.

A ƙyalle na uku, wajen manna hotunan amaren mujallu a bangon ɗakin da na zana, ban yi amfani da asiton ba, saboda warinsa yana da ƙarfi kuma ɗakin aikina ba shi da wadatar iska. Da farin man akirilik mai kauri, wanda ke bushewa garai kamar gilashi, na yi. Ana shafa shi a ƙyalle, a kifa fuskar hoton a kai, a murje da gefen kati har iska ta fita, a bar shi ya kwana. Washegari a jiƙa bayan takardar da ruwa, a riƙa murzawa da yatsa a hankali, takardar tana fita tana nannaɗewa, tawadar kuma tana zama a cikin man. Sau biyu na yi asara. Karo na farko na buga hotunan a injin da ke fesa tawadar ruwa, da ruwa ya taɓa su sai launukan suka narke suka cuɗe. Dole sai injin da ke aiki da garin tawada. Karo na biyu gaggawa ce ta ci ni, na fara murza bayan awa uku, na ɗebe rabin fuskar wata amarya da yatsana. Akwai kuma abin da ban lissafa ba: hoton yana fitowa ne a juye kamar a madubi, don haka duk manyan kalmomin tallar sun koma baibai. Na so in sake bugawa, sai na fasa, domin yanzu ana ganin alƙawuran tallar amma ba a iya karanta su, kuma hakan ya fi abin da na shirya. Amare ashirin da biyu ne a bangon, na lulluɓe su da siririn shuɗi mai toka-toka don su ja da baya.

Wata 'yar'uwata ce ta zauna mini yamma uku. Ban ce ta yi wani tsayi ko murmushi ba; na zana ta ne a zaman da takan yi bayan ta idar da salla, ba ta tashi daga sallaya ba, tafukanta a kan gwiwa, fuskarta a gefe, ba ta san da mai kallo ba. Na yi niyyar sauko da wani haske daga sama don nuna ibada, na kuma gode da ban yi ba, domin nutsuwar kafaɗunta ta isa. Ga waɗanda ba sa zana fuska saboda dalilin addini, wannan zaman yana yiwuwa daga baya, kuma kusan babu abin da zai ragu.

Mayafin fari ne, shi ya fi ba ni wahala. Farin tufa a cikin ɗaki ba fari ba ne sai a wurare ƙalilan. A wuri uku kaɗai na sa farin fenti tsantsa, a tsakar kai da kafaɗa da wani ninki kusa da gwiwar hannu. Sauran duk haɗin shuɗi ne da jan ƙasa da fari, mai sanyi a inda bango ke mayar da haske, mai ɗumi a kusa da wuya. A tuna cewa akirilik yana ƙara duhu idan ya bushe, don haka nakan gwada a gefen takarda in jira minti goma. A fata kuma na daina ƙara fari don haskakawa, saboda yana sa baƙar fata ta yi furu-furu kamar an barbaɗa toka. Rawayar ƙasa da jan ƙasa ne ke ɗaga hasken, da ɗigon shuɗi a kan kunci.

Mijin ba ya cikin zanen. Rigarsa na rataye a bayan ƙofa, agogonsa na kan tebur. Na daɗe ina duban yadda magabata suka nuna aure, na lura cewa a hannu suke rubuta shi. A zanen Jan van Eyck na 1434 da ke Landan hannun matar na kwance a tafin mijin. A wanda Frida Kahlo ta yi a 1931, shekara biyu bayan aurenta da Diego Rivera, shi ne ke riƙe da allon haɗa launi da burusai, ita kuwa, da ta zana hoton, ta ɗora ɗan hannunta a kan nasa. Ina so a nawa hannayen su zama nata ita kaɗai, kuma nan ne har yanzu ban iya ba. Na dama ya zauna daidai, amma na hagu sau huɗu ina gogewa, yatsun suna fitowa a sandare kamar ba su da gaɓa. Mako mai zuwa ba zan taɓa ƙyallen ba sai na cika shafi goma da hannaye da gawayi, sannan in rage kaurin shuɗin da ke kusurwar dama ta sama, inda ya binne amare uku gaba ɗaya.