Mi za ka ci da shi?

Damanar da ta wuce ina bisa moto da ɗiyar ƙanwata, za mu Tibiri gaida tsohuwa, ko'ina ya yi shar hatsi ya kai gwiwa, sai yarinyar nan ta taɓo ni ta baya ta ce "Kawu, mi ya kashe wancan iccen alhali ana ruwa?" Na duba, ashe gawo ne tsaye tsakiyar gona ba ganye ko ɗaya. Na ce mata bai mutu ba, haka gawo yake, da damana ya kakkaɓe ganye, da rani ya yi kore. Ta ce to don mi?

Wallahi shiru na yi. Tun ina yaro nake wuce gawo, na sha inuwarshi, na tsinto ma awaki ƴaƴanshi, amma ban taɓa tambayar don mi ba. Saura kaɗan ma in ba ta amsar da wani mushenmu na lakwal yake ba mu in mun dame shi, wai wannan ba ya fitowa a jarabawa. Allah ya taimake ni na haɗiye.

Da dare na kai maganar fada, ana shayi. Dariya suka yi mini, wani ya ce to in ka sani mi za ka ci da shi? Ni dai ban ga laifinsu sosai ba, Maraɗi garin kasuwa ne, da lissafi muka tashi, yaro tun bai iya wanki ba ya san canjin naira da sefa. Kasuwar nan ita ta riƙe mu. Amma abin ya bi mu har cikin kai, karatu ma sai an auna shi kamar tiyar gero, in bai kai ka ga bak ko aikin gwamnati ko kwangila ba to ɓata lokaci ne.

Na dai ƙi haƙura. Wani tsoho maƙwabcin tsohuwarmu na fara tambaya, na ce Baba, mi ya sa ba ku sare gawo a gona? Ya ce yaro je ka dubi hatsin da ke gindinshi ka dubi na nesa. Ganyen da ya zubar farkon ruwa taki ne, ba ya tare ma shuka rana lokacin da take so, da rani kuma dabbobi su kwanta inuwarshi su ci ƴaƴan su bar kashi nan wurin. Bai taɓa shiga aji ba amma ya fi awa yana mini bayani, har da yadda ake gane ɗan gawo a bar shi in ana sassabe.

Daga nan na faɗa waya. Ashe gawo dangin wake ne da gujiya, a saiwarshi akwai wasu ƙananan halittu da ke kamo sinadarin azot daga iska su ƙara ma ƙasa ƙarfi. Saiwar kuma nutsawa take ƙasa sosai har ta tarar da ruwan da ke can ciki, a Senegal an taɓa bin ta fiye da mita 30, shi ya sa lokacin da kowane icce ke kukan ƙishi shi ko a jikinshi. Sunanshi na masana Faidherbia albida, daga sunan Faidherbe wani gwamnan Faransa da ya mulki Senegal. Wannan kam ya ɗan ɓata mini rai, icce kakanninmu na zaune da shi tun kafin a haifi kakan mutumen, amma a littafi sunanshi ya ɗauka.

Kun san waya, ka shiga neman abu guda ka fito da goma. Ban san sadda na koma tarihin garinmu ba, yadda sarakunan Katsina suka baro birninsu bayan jihadi wajen 1807 har aka zo aka kafa sarauta nan, dalilin da ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi, da yadda tsohon gari yake cikin fadama sai da ambaliyar 1945 ta ci shi aka hauro tudu. Forfena ya ƙare tas wajen ƙarfe biyu na dare.

Ko dala ban samu ba a ciki, gobe da safe butik ɗina na buɗe kamar kullum. Sai dai yanzu in na hau hanyar Tibiri ba na jin tsawonta, idona na kan itace, kuma na fi jin daɗin gaida tsohon nan.

Da na koma na zayyane ma yarinyar duk abin da na samo ina jiran ta ce kai Kawu ka iya, ko a fuska. Cewa ta yi ta ji an ce gulbinmu daga Najeriya yake shigowa kuma can yake komawa, to mi ya kawo shi nan? Na ce ta bari sai Juma'a in na sa forfe.